Faifai da Ƙwarya: Adon Abincin Buki a Kwanakin Hunturu

Idan kaka ta yi, aka kai hatsi rumbu, aka auna auduga da wake, sai iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, ta yi ta busawa tun daga Nuwamba har zuwa Fabrairu. A Bilbis da Keta da 'Yankuzo da sauran garuruwan ƙasar Tsafe, haka kuma a Bunguɗu da Gusau, wannan shi ne lokacin da manomi kan sami sarari da ɗan abin hannu, saboda haka a cikinsa aka fi sa ranar aure da tarewa. A cikinsa ne kuma Kirista mazauna Gusau da sauran garuruwa ke bukin Kirsimeti, ran 25 ga Disamba. Salla kuwa ba ta da tsayayyen wata a lissafin Turawa, domin shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, watau ta gaza shekarar rana da kwana 10 ko 11. Shi ya sa Salla ke ja da baya kowace shekara, har ta kewayo cikin shekara 33 ko kusa da haka. A 2000 an yi Ƙaramar Salla sau biyu cikin sanyi, ɗaya a Janairu, ɗaya a Disamba. A 2025 an yi ta a ƙarshen Maris. Bisa ga lissafi, daga 2028 za ta shigo Fabrairu, sa'an nan ta yi shekaru da dama tana nutsawa cikin hunturu.

Kowace al'umma tana da yadda take ƙawata wurin cin abinci ranar buki. Turawan Ingila da na Jamus a tebur suke ci, sai su ɗaura ɗanyen ganye na itatuwan da ba sa kaɗe ganyensu da sanyi, su ajiye a tsakiyar teburin tare da kyandir. Bahaushe a tabarma yake ci. Abin da ke tsakiyar tabarmarsa shi ne akushi ko ƙwarya, an ɗora bisa gammo, an rufe da faifai mai zane. Adon Turawa na kallo ne kawai, bayan buki a zubar. Na Bahaushe kuwa ado ne mai aiki, domin faifan da ya ƙawata akushi shi ne ke tsare tuwo daga ƙuda da ƙurar hunturu. Ƙuda yana sauka kan ƙazanta, sa'an nan ya sauka kan abinci, ta haka yake yaɗa gudawa da atuni, musamman ga yara. Ranar buki kuwa, abinci kan daɗe a ajiye yana jiran baƙi, ko kuma a ɗora wa yarinya ta kai gidan surukai ta hanya mai ƙura. Lalle kada a bar shi a buɗe.

Yau kasuwa ta cika da kwanonin samira da kuloli da faifan roba, har wasu matan sun ɗauka sakar faifai aikin tsofaffi ne. Ba a hana kowa sayen abin da yake so. Amma kayan faifai da na ƙwarya duka suna fitowa a gona da bayan gari, kuɗin da za a kashe kaɗan ne, kuma abin da ya ragu bayan an biya bukatar gida na sayarwa ne.

Kaba da yadda ake gyara ta

Kaba ita ce goribar da ba ta girma ba. Itaciya ce tsohuwa ƙwarai a hannun ɗan Adam, har an sami 'ya'yanta cikin kabarin Fir'auna Tutankamun na Masar, wanda aka gano a 1922. Ganyen da ake so domin faifai shi ne sabon tsiro wanda bai gama buɗewa ba, gama shi ne mai laushi da haske. Tsohon ganye yana da ƙarfi, amma ba ya karɓar rini sosai, sai a bar shi domin igiya da tabarmar shanya.

A nan akwai abin lura. Kabar da ake yi wa aski ƙwal kowace shekara ba ta taɓa zama goriba, ta dinga tsayawa ƙasa-ƙasa ke nan. Mai yanka ya ɗauki ganye ɗaya ko biyu daga kowane gindi ya wuce gaba, ya kuma bar gindi mafi ƙarfi a kowane rukuni ya tashi. Ƙunar daji da kaka ita ma tana cinye kaba da ciyawar saƙa gaba ɗaya, tun ba a kai ga amfaninsu ba.

Wani abu kuma, tun wajen 2011 shiga daji a Zamfara ya zama abin tsoro saboda 'yan bindiga, kuma ƙasar Tsafe tana cikin inda abin ya taɓa ƙwarai. Babu faifan da ya kai ran mutum. Kada a aiki yara ko mata neman kaba nesa da gari. In babu ita kusa, a saya a kasuwa. A sayi da yawa tun da wuri a ajiye, domin busasshiyar kaba ba ta lalacewa in ta sami wurin da babu danshi, kuma jama'a ba su manta da 2021 ba, sa'ad da aka rufe kasuwannin mako na jihar har tsawon wani lokaci.

Bayan an yanko, sai a shanya ta har ta bushe ta yi fari-fari. Sa'an nan a tsage ta da allura ko da farce, sili-sili, faɗin kowane sili kada ya wuce na ƙwayar shinkafa in ana son aiki mai kyau. Ƙashin da ke bayan ganyen, wanda ya fi sauran tauri, kada a yar da shi. A tara shi wuri ɗaya, domin shi da siraran ciyawa irin ta tsintsiya su ne cikin faifai, watau abin da ake naɗewa.

Rini

Launin da ya fi dacewa da faifan abinci shi ne wanda aka samo daga tsiro. Ja yana fitowa daga karan dafi, irin dawar nan da ake shukawa domin ɓawon karanta, wadda dukawa ke rina jar fata da ita. A daka ɓawon, a zuba cikin tukunya da ruwa da ɗan jiƙon kanwa, a tafasa har ruwan ya yi ja wur. Sai a jiƙa kabar da ruwa tukuna, a nutsa ta ciki, a rage wuta, a bar ta ta ɗan dahu, sa'an nan a sauke a bar ta ta kwana cikin ruwan. Da safe a ɗauraye, a shanya a inuwa. In kanwa ta yi yawa, jan zai koma duhu kamar na goron da ya sha iska, don haka a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana dubawa.

Ruwan ɗorawa yana fitowa daga saiwar rawaya ko daga gangamau. Baƙi kuwa, a dafa kaba da dakakkiyar bagaruwa, sa'an nan a tsoma ta cikin ruwan da tsofaffin ƙarafa suka kwana biyu suka yi tsatsa a ciki. Bagaruwa da tsatsa in sun gamu su ne ke haifar da baƙi, ba ɗayansu shi kaɗai ba. Shuɗi aikin marina ne, ba a wahalar da kai a gida. Wadda ta sami shuɗiyar kaba, in ta sake tsoma ta cikin ruwan rawaya za ta sami kore.

Galurar kasuwa ta fi sauƙi, ta kuma fi ƙyalli. Asalinta daga Ingila ne, inda wani saurayi mai suna William Perkin ya fara haɗa irinta a 1856, daga baya ta game duniya. Aibinta biyu ne. Tana koɗewa in rana ta doke ta, kuma in ba a ɗauraye ta sosai ba, tururin tuwo kan narkar da ita ta ɗiga cikin abinci. Wadda ta yi aiki da galura ta yi ta ɗauraya har ruwan ya fita garau. Gwaji mai sauƙi shi ne a goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a jikin faifan. In ya ɗauko launi, wannan faifai na jere ne a bango, ba na rufe abinci mai zafi ba. Tukunyar da aka dafa galura a cikinta kuma ta bar aikin miya ke nan.

Ɗinkin

Faifai naɗi ne da ɗinki tare. A ɗauki ɗaurin ciyawa wanda kaurinsa bai kai na fensir ba, a naɗe bakinsa da silin kaba kamar tsawon gaɓar yatsa, a lanƙwasa shi ya zama ɗan ƙaramin zobe. Wannan ita ce cibiya, kuma a nan faifai ke gyaruwa ko ya ɓaci. In cibiya ta yi sako-sako, za a bar rami a tsakiya inda ƙura da kiyashi za su shiga. Daga nan sai a riƙa kewayawa da ciyawar a jikin zoben, ana huda zagayen da ya gabata da basilla, ana zura kaba ta ramin, a naɗo ciyawar, a ja da ƙarfi, a sake hudawa dab da na farko. Kowane ɗinki ya manne da ɗan'uwansa har kada a hangi ciyawar ciki.

Ciyawa ba ta ƙarewa lokaci ɗaya, saboda haka ba a jira ta ƙare. A riƙa cusa sabbin tsinkaye biyu ko uku a tsakiyar ɗaurin lokaci lokaci, domin kaurinsa ya tsaya daidai tun daga cibiya har baki. Faifan da aka ga ya yi tudu a wani gefe ya kwanta a wani, to, mai shi ta bar ciyawa ta sirance sa'an nan ta cusa da yawa gaba ɗaya. In kuwa ana son ya ɗan yi ƙundu kamar malafa, domin ya zauna daram bisa tulin waina ko tuwo, sai a riƙa ɗora kowane zagaye ɗan sama kaɗan da na bayansa, ba a gefensa sosai ba.

Babban abokin gāban wannan aiki shi ne hunturun kansa. A wasu ranaku danshin da ke cikin iska ba ya kai kashi 20 cikin 100, sai kaba ta bushe ƙayau ta riƙa karyewa a hannu. Maganinsa a naɗe wadda za a yi aiki da ita cikin jiƙaƙƙen tsumma, a riƙa zarowa ɗaya-ɗaya. Amma ciyawar ciki ta zama busasshiya, domin in an ɗinke ta da danshi za ta yi fumfuna daga ciki, faifan ya riƙa wari.

Zane yana fitowa ne daga sauya launin kaba. Mai koyo ta fara da zobe-zobe, zagaye uku fari, ɗaya ja, domin wannan ba ya bukatar ƙirga. Tauraro da gidan dara su ke bukatar hankali. A raba zagayen gida 4, ko 6, ko 8, a sa alama da gawayi, kuma a tuna cewa kowane zagaye ya fi na bayansa tsawo, don haka kowane gida sai an ƙara masa ɗinki ɗaya ko biyu in an kewayo, in ba haka ba zanen ya karkace kamar guguwa ta murɗa shi. Launi biyu tare da farin kaba sun isa. Faifan da aka tara wa launi biyar ko shida, daga nesa ba a gane kome a jikinsa sai hayaniya. Idan an zo baki, a riƙa rage ciyawar kaɗan-kaɗan har ta ƙare siririya, a bi bakin duka da ɗinki na biyu, gama nan ne hannu ke kamawa, nan ne kuma ya kan fara tsinkewa. Faɗinsa ya ɗara bakin akushin da yatsa biyu ta kowane gefe.

Akwai wani lissafi da ya kamata kowace mai sayar da faifai ta sani, domin rashin saninsa na sa mata da yawa faɗuwa ba su ankara ba. In kaurin naɗi rubu'in inci ne, faifai mai faɗin inci 6 zagaye 12 ne, tsawon naɗinsa duka bai kai ƙafa 10 ba. Mai faɗin inci 12 kuwa zagaye 24 ne, amma tsawon naɗinsa ya kusa ƙafa 38. Watau in faɗi ya ninka sau biyu, kaba da rini da kwanakin aiki sun ninka sau huɗu. Mai saye zai ce babba ninkin ƙarami ne, ya biya kuɗin biyu. Wadda ta yarda da haka ta ba da rabin wahalarta kyauta. Don haka a wajen ciniki ƙananan faya-fayai na rufe ƙoƙon fura da na miƙa goro sun fi saurin mayar da kuɗi, manya kuwa a yi su in an yi odarsu an daidaita farashi tun kafin a fara.

Ba abin mamaki ba ne da Hausawa suka ga garmaho suka kira abin da ke juyawa a kansa faifai, har sunan ya bi ta kan na bidiyo a yau. Wanda ya dubi layukan da ke kewaye cibiyarsa ya san inda aka samo kamar.

Ƙwarya

Duma ba ya bukatar shiga daji. Ana shuka shi da damina a gindin danga ko rumfa ko gefen gona, ya yi ta yaɗo da kansa. Yana cikin tsire-tsiren farko da ɗan Adam ya fara shukawa. Asalinsa Afirka ne, amma an sami ɓawonsa a ƙasar Meziko wanda ya kai shekara 10,000. Daga gare shi ake samun masaki da ƙwarya da ƙoƙo da ludayi da gora, kowane da irinsa.

Kada a tsinke duma sai igiyarsa ta bushe, in an ƙwanƙwasa shi ya yi amo. Wanda aka tsinka ɗanye ya kan motse, ko ya tsage. Bayan an fafe shi an kwashe cikin, a ware 'ya'yan mafi kyawun duma domin irin baɗi. Sabuwar ƙwarya tana da ɗaci, kuma ɗacin nan yana ɓata ciki, saboda haka a cika ta da ruwa a bar ta kwanaki, ana zubarwa ana sake sabo, ana kankare cikin, har a ɗanɗana ruwan a ji babu ɗaci. Sa'an nan a kife ta a inuwa. Zafin rana da iskar hunturu in sun haɗu kan jiƙaƙƙiyar ƙwarya, tsaga ta suke yi.

Hanyar zane biyu ce. Ta farko da wuƙa mai tsini, a tsaga layuka a bayan ƙwaryar, ko a kankare fatar a wasu wurare farin ciki ya fito, a bar sauran da launinta na asali. In an gama, a kwaɓa baƙin tukunya da man kaɗanya a shafe, a goge da tsumma, baƙin ya zauna cikin layukan kaɗai. Ta biyu da ƙarfe mai zafi, a sa wuƙaƙe biyu ko uku cikin garwashi, ana aiki da ɗaya sauran na yin zafi. Matan Fulani sun shahara ƙwarai da wannan ado, kuma wanda ya dubi ƙoren masu tallan nono a Bunguɗu ko Tsafe zai ga abin koyi da yawa. Mai koyo ya fara zana abin da yake so da gawayi, domin gawayi na gogewa, ƙuna ba ta gogewa. Ya kuma bar faɗin yatsa biyu daga baki ba zane, saboda wurin shan fura ne, kuma layuka masu zurfi a nan na riƙe dauɗa.

Wasu kan shafa wa ƙwarya fentin gini ko na mota domin ta yi ƙyalli. Kada a yi wannan ga ƙwaryar abinci, ko ciki ko waje. Akwai fentin da ke ɗauke da dalma, kuma mutanen Zamfara sun fi kowa sanin sharrinta, tun da a 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙasashen Anka da Bukkuyum. Dalmar wancan lokaci daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta fito, ba daga fenti ba, amma guba ɗaya ce, kuma kaɗan ɗinta na taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba tare da an ga alama nan da nan ba. Man gyaɗa ko man kaɗanya da tsumma sun isa su sa ƙwarya ta yi sheƙi.

Ranar buki

A share wuri, a yayyafa ruwa domin ƙura ta kwanta, a shimfiɗa tabarma inda iska ba ta bugowa kai tsaye. Babban akushi na tuwo ya zauna a tsakiya bisa gammon kaba, da mafi kyawun faifai a kansa. Miya a gefensa, ƙwaryar fura da ludayinta a ɗaya gefen, kowace da murfinta. Goro da dabino, ko hoce da nakiya da alkaki, a zuba su cikin ƙananan ƙoƙuna a rufe, a jera wajen da baƙo zai zauna. In launin faya-fayan ya zo ɗaya, ko da zanensu ya bambanta, wurin ya fi tsari. Gidan da ake ci a tebur, kamar yadda ma'aikata da yawa ke yi a Gusau, babu abin da zai hana a ɗora zananniyar ƙwarya cike da lemo da dabino bisa faifai a tsakiyar teburin. Faifai kuma yana tsare katako daga zafin kwano.

Kaskon wuta da na turare da fitila da kyandir su yi nesa da wannan jere. Busasshiyar kaba da tabarma kamar fetur suke ga tartsatsi, kuma gobarar hunturu, in iska ta kama ta, ba ta tsayawa gida ɗaya. Mai zanen ƙwarya da ƙarfe shi ma ya yi aikinsa a fili, nesa da danga da rumbu, da ruwa a kusa, ya kashe garwashin kafin ya tashi.

Bayan buki ba a jiƙa faifai cikin ruwa. A goge shi da ɗanyen tsumma, a bar shi ya sha iska a inuwa, a rataye a bango. Ƙwarya a wanke ta da ruwa da soso, a kife ta ta bushe sarai, sa'an nan a ɗora ta a ragaya inda gara da ɓera ba su kai. Wadda ta tsage kada a yar, a kai wa gyartai ya ɗinke, ta koma awon hatsi. Irin duma kuwa a gauraya shi da toka, a zuba cikin gora a toshe, a ajiye tare da irin karan dafi har ruwan shuka ya sauka.